Fijon Maigida: A Riƙe Ta Ko A Sallama?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa, daga Kaduna zuwa Sakkwato, daga Katsina har Maraɗi, wadda ba a kai ta gaban alƙali, ba a kuma tambayar malamai hukuncinta a wurin karatu, amma tana iya sa uba ya kwana biyu bai sakar wa ɗansa fuska ba, ita ce gardamar abin da za a yi da tsohuwar motar maigida. 'Ya'ya suna cewa a sayar tun da sauran mai tayawa, shi kuwa yana cewa ba da ransa ba, ko kuma ya yi shirun nan da iyalinsa suka san ya fi magana nauyi. Mai kallo daga nesa zai ɗauka al'amari ne ƙarami, na ƙarfe da roba, wanda bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba; amma da yake kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da mai hankali ba zai yi watsi da ita ba, kuma da yake zancen ya taɓa dukiya da rai da haƙƙin iyaye gaba ɗaya, na ga ya dace a zauna a auna shi cikin natsuwa.

Motar da za mu sa a gaba ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, domin babu wata da ta shiga rayuwar mutanen ƙasar nan irin shigar da ta yi. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta zakarar motocin Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, wanda ake yi a kan hanyoyin ƙasa masu laka da duwatsu. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka sa ma'aikacin da jiya yake kan keke ya fara tunanin sitiyari. Bayan kisan Janar Murtala a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa a cikin hidimar hukuma, Fijo ta zama motar manyan ma'aikatan gwamnati, har da shi shugaban ƙasa. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fito da ita fiye da shekara ashirin bayan haka, ta yadda yaron da aka kai makarantar firamare a cikinta ya girma ya tarar ana sayar da sabuwarta. Saboda haka wanda yake maganar rabuwa da Fijo, a gidaje da yawa, maganar rabuwa da zamanin ƙuruciyar maigida yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu cewa a riƙe ta da halacci suke fara kafa hujja. Suna cewa wannan mota da bashin mota aka saye ta, ana yankar albashi wata bayan wata har aka gama biya. Ita ta ɗauko amarya, ita ta kai uwargida asibiti cikin dare sa'ad da naƙuda ta tashi, ita ta yi ta jigilar yara zuwa makarantar kwana da akwatunan ƙarfe da buhun garin kwaki a cikin but, ita ta raka maniyyata filin jirgin Kano, ita kuma ta bi bayan makara ranar da aka kai mahaifiyar maigida makwancinta. Mai ita ya san ta sanin da ba a koya wa wani: ya san yadda zai ja cok ya taka totur da asubar hunturu kafin ta yarda ta tashi, ya san ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa, kuma idan wata ƙara ta canza a cikin injin yakan ji ta tun kafin bakanike ya buɗe bonet. Wanda ya ce wa irin wannan mutum ai duk ƙarfe ne bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar rabin gaskiya bai faɗa ba, domin shekara talatin ko arba'in na rayuwar mutum suna manne da wannan ƙarfen.

Idan aka ce musu son abin da ba shi da rai rauni ne na zuciya, masu ilimi daga cikinsu sukan amsa da abin da ya tabbata a sira da hadisi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana sa wa ababen hawansa suna, har sunan taguwarsa Ƙaswa'u da alfadarinsa Duldul suka iso gare mu. Ya kuma bayyana ƙaunarsa ga dutsen Uhudu, alhali dutse ne. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin matar da ta kuɓuta daga hannun maƙiya a kan taguwarsa, ta yi bakance cewa in ta tsira za ta soke ta, da labari ya kai gare shi sai ya nuna cewa wannan mummunan sakayya ne ga dabbar da ta cece ta. Duk kuwa wanda ya zauna a zaure ya karanta waƙoƙin Jahiliyya ya san yadda Ɗarafa ya kwashe baitoci masu yawa yana siffanta taguwarsa gaɓa bayan gaɓa. Na san mota ba dabba ba ce, ba ta jin yunwa, ba ta jin zafin duka, don haka ƙiyasin bai cika ta kowace fuska ba. Amma abin da ake son tabbatarwa ya tabbata, wato cewa zuciyar da take tuna alherin abin da ya yi mata hidima zuciya ce lafiyayya, kuma ni ina jin tsoron mutumin da ba ya jin komai ranar rabuwa fiye da yadda nake jin tsoron wanda ya share hawaye a kan mota.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko kama ƙasa, ita ce cewa Fijo mota ce da ake iya gyarawa. Injinta mai silinda huɗu ne da kafireta, tayoyin baya ne suke tura ta, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna shanye gargada ta yadda hanyar ƙauye ba ta ba ta tsoro. Na sha tsayawa ina kallon bakanike a bakin hanya ya kwance kafireta, ya zuba ɗan fetur a gindin gwangwani ya wanke, ya sa baki ya hure ƙaramar ƙofar da datti ya toshe, ya kankare fulogi da guntun sanfefa, ya mayar, ya ce wa mai mota, “Alhaji, ba ta wuta,” sai ga ta ta tashi. Babu garin da ake cin kasuwa a ƙasar Hausa da za a rasa wanda ya iya wannan, kuma abin da ya karye ana samun madadinsa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Motar zamani kuwa in ta tsaya a daji ta tsaya ke nan, sai an janyo ta zuwa birni an jona mata kwamfuta, kuma sau da yawa ba a gyara abin da ya lalace, sai dai a cire shi ɗungurungum a sayo wani da kuɗi masu nauyi. Don haka in dattijo ya ce da tsohuwar zuma ake magani, yana da abin nunawa.

Suna kuma tambayar 'ya'yansu tambayar da ba ta da sauƙin amsa: in an sayar, me za a saya? Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma ta motoci 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam, waɗanda su ma tsofaffi ne da wasu suka gama mora a Turai da Amurka. Kuɗin tsohuwar Fijo ba za su sayi ko rabin ɗaya daga cikinsu ba. Ashe ke nan ana kiran maigida ya bar tsohuwar da ya san ciwonta, ya ci bashi, ya auro tsohuwar da bai san tarihinta ba.

To, mu juya ga masu cewa a sallama, waɗanda ake yawan yi musu kallon yara marasa tausayi, alhali sau da yawa su ne suke biyan kuɗin gareji. Abin da suke fara kawowa lissafi ne. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Injin da aka tsara tun shekarun 1960, wanda ya sha ringi ba sau ɗaya ba, yana shan fetur yana ƙona baƙin mai, ba ya tafiya da kuɗin fansho. Kayan gyara na asali sun yi wuya, na jabu sun cika kasuwa, abin da aka sa yau sai ya mutu kafin wata ya ƙare, manyan kanikawan da suka san ta kuma suna ta tsufa, yaransu sun koma kan motocin Japan. A nan ne masu wannan ra'ayi suke kawo maganar fiƙihu, kuma daidai suka kawo ta: nafaƙar iyali wajibi ce, riƙe mota don tuna baya iyakarsa ya zama halal, kuma ba a tauye wajibi don a raya abin da bai wuce halal ba. Shari'a ta hana tozarta dukiya. Gidan da ake jinkirta kuɗin makarantar yarinya ko maganin uwargida domin lagireto ya fashe, an riga an fita daga babin halacci an shiga babin israfi, ko da mai yin haka bai taɓa nufinsa ba.

Amma hujjar da ta fi kowace nauyi a wannan muhawara, a ganina, ita ce ta rai. An zana Fijo a zamanin da ba a sa wa motoci jakar iska mai tare mutum in an yi karo, ba a kuma sa musu na'urar da take hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Dattawa sukan bugi ƙofarta su ce a ji ƙarfe, ba irin gwangwanin yanzu ba. Sai dai masu ƙera motoci da gangan suke yin gaban motar zamani ya lotse, domin ya shanye ƙarfin karo kafin ya kai ga ƙirjin direba. Wannan kuwa maganar sabuwar Fijo ce. Wadda ta shekara arba'in, tsatsa ta ci ƙasanta, bututun birkinta ya tsufa, sitiyarinta yana wasa, fitilunta sun dushe, ita ce za a hau da jikoki a bi hanyar Kano zuwa Zariya tsakanin tirela da tanka. Idan aka faɗa wa maigida haka yakan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma shi ma ya san cewa mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, an umarce shi ya ɗaure shi tukuna. Kuma ba ransa kaɗai ne a kan hanya ba. Akwai mai babur, akwai yarinya mai tallan gyaɗa a bakin titi, waɗanda ba su da rabo a cikin tarihin motar, amma za su sami rabo a cikin shanyewar birkinta. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya ruwaito asalinta a cikin Muwaɗɗa, ba ta keɓe wanda yake son motarsa ba.

Masu cewa a sallama suna da wata magana ta uku, cewa abin da maigida yake so ba motar ba ce, ƙuruciyarsa ce da abokansa da suka riga mu gidan gaskiya, kuma waɗannan ba sa dawowa don an ajiye ƙarfe, har wasu sukan ƙara da cewa sabo turken wawa. Wannan maganar akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ban so a faɗe ta a gaban uba ba, kuma ban ga ta ƙara wa hujjarsu komai ba sai ɗaci.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan gardama take ƙarewa a yawancin gidaje, domin ba ta ƙarewa da riƙewa, ba ta ƙarewa da sayarwa. 'Ya'ya sukan sayo wa uba wata mota, ko su karɓe makulli da dabara, shi kuma ya ƙi a taɓa tsohuwar, sai a tura ta gindin darbejiya a ce sai an samu sarari za a gyara. Daga nan iskar taya ta fita, a sa bulo a tokare, a cire batir a kai wa janareto, gilashi ya tsage, damina ta shiga ta ruɓar da kujeru, kaji su mayar da ƙarƙashin sitiyari wurin ƙwai, yaran unguwa su ɓalle tambarin zakin da yake gabanta. Bayan shekaru, ranar da aka zo rabon gado, sai a kira 'yan gwangwan su sassare ta su auna a sikeli, a biya kuɗin da ba su kai na tayoyinta huɗu ba a ranar da aka ajiye ta. Alƙur'ani a cikin Suratul Ma'ida ya soki al'adar Jahiliyya ta sakin taguwa a bar ta ba a hawa ba a amfana da ita da sunan girmamawa. Ban ce hukuncin ɗaya ne ba, domin waccan al'ada tana tattare da shirka, amma darasin cewa hana amfani ba girmamawa ba ne yana nan. Wannan hanya ta uku ta haɗa asarar ɓangarorin biyu: ba a sami kuɗin da masu sayarwa suke nema ba, ba a kuma yi halaccin da masu riƙewa suke faɗa ba, domin babu wulaƙancin da ya kai a bar abin da ake ƙauna ya ruɓe a kan idon mai shi.

Da na auna duka, ga inda na tsaya. Masu riƙewa sun yi gaskiya a kan zuciya, sun yi gaskiya a kan sauƙin gyara, kuma muddin mota tana da birki da fitila da sitiyari na ƙwarai, kuma kuɗinta ba ya taɓa tukunyar gida, babu wanda yake da ikon tilasta wa dattijo ya rabu da ita don kawai ta tsufa ko don 'ya'yansa suna jin kunyar a gan su a ciki. Wannan kunya ba hujja ba ce, kuma na lura ita ce take ɓuya a bayan lissafin wasu. Irin wannan mota a bar masa ita ya je masallaci da kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa a cikin gari, a ɗauke mata doguwar tafiya. Amma duk ranar da ɗayan sharuɗɗan nan biyu ya faɗi, ranar da ta zama barazana ga rai ko ta fara cin nafaƙa, hujjar masu sayarwa ta rinjaya rinjaye bayyananne, domin malaman usulu sun gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani, balle amfanin da bai wuce sanyin zuciya ba. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Sai dai sayarwa ma tana da ladubbanta. Na farko, kada a ɓoye aibi: a shafa fenti a kan tsatsa, a zuba baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya ɓuya har a karɓi kuɗi, wannan algus ne, shari'a ta ba mai saye ikon mayar da kaya saboda shi, kuma hadisi ya nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa. Na biyu, a nemi wanda zai gyara ta ya more ta, domin har yau Fijo wagon da a-kori-kura suna ɗaukar mutane da buhunan hatsi zuwa kasuwannin ƙauye a Najeriya da Nijar, a kan hanyoyin da ƙananan motocin zamani ba sa iya bi; wadda ba ta tashi kuwa, giyarta da ƙofofinta da gilasanta za su raya wasu. Kaɗan daga cikinsu, waɗanda jikinsu bai taɓu ba, sun cancanci mai hali ya gyara su tsaf ya adana, ko a kai su gidan tarihi. In har an ajiye Marsandin da aka harbi Janar Murtala a cikinta a gidan tarihi na Legas saboda abin da ya faru a rana ɗaya, to Fijo ƙirar Kakuri, wadda ta ɗauki ƙasa guda shekara talatin, ita ma tana da haƙƙin a ba ta wuri a Kaduna.

Sauran magana ga 'ya'ya take. A cikin Buhari da Muslim akwai labarin Jabir ɗan Abdullahi da raƙuminsa da ya gaji a hanyar dawowa daga yaƙi: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya saye shi, ya bar shi ya hau har Madina, da suka isa ya biya shi kuɗin, sa'an nan ya mayar masa da raƙumin. Ciniki ne, amma an yi shi ta yadda mai sayarwa bai ji an ƙwace masa komai ba. Kada ku kira dillali a bayan idon mahaifinku, kada ku ce masa, “Baba, wannan akwalar ta ishe mu.” Ku zauna da shi bayan sallar isha'i ku ce, “Baba, muna jin tsoron hanya ne, kuma ba ma son ta lalace a tsaye. Ka zaɓi wanda kake so ya riƙe ta.” Ku bar shi ya yanke kuɗin da bakinsa, ya cire carbinsa daga jikin madubi da hannunsa, ya kwashe tsofaffin takardun da suke cikin aljihun gaba, ya gaya wa mai saye yadda ake tayar da ita da sanyin safiya, ya ce masa Allah ya sa albarka. In ya ce zai kewaya gari da ita sau ɗaya kafin ya miƙa makulli, ɗayanku ya shiga ya zauna kusa da shi.

Ku kuma iyayenmu, waɗanda motocinku suke kan bulo a yau, ina roƙonku da girman Allah ku kira bakanike ya duba su kafin damina ta sake faɗuwa. In ya ce za ta tashi kuma aljihu zai ɗauka, a gyara ta a hau. In ya ce ba za ta tashi ba, ku sallama ta tun tana da sauran abin da wani zai amfana da shi.